Tsohuwar bindiga a akwatin kaka: Kayan tarihi ce ko hanyar gidan yari?

Duk wanda ya shiga Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, da wuya ya wuce ɓangaren kayan yaƙi bai tsaya ya ƙare musu kallo ba. Ga masu da takubba, ga kwari da baka, ga layu da tambura, ga kuma tsofaffin bindigogin gargajiya da ƙarfensu ya yi baƙi saboda daɗewa.

Ginin shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958. Babu wanda gabansa ke faɗuwa don ya ga bindiga a wurin. Amma idan aka samu irin wannan bindiga a ƙarƙashin gadon wani magidanci a Birnin Kebbi, mai nisan kimanin kilomita 50 daga nan, to magana ta canja.

A ce wani dattijo ya rasu, tsohon soja ko tsohon dogari. Bayan sadakar bakwai magada suka buɗe akwatinsa na ƙarfe. A ƙarƙashin riguna da lambobin yabo sai ga ƙaramar bindiga a naɗe cikin tsumma, ta yi tsatsa, kunamarta ta ƙage.

Wani cikin 'ya'yan zai ce a kai wa maƙeri ya gyara ta. Wani jikan da ya saba kallon bidiyon masu tara tsofaffin makamai a YouTube zai ce ai wannan dukiya ce, a nemi mai saye. Duk shawarwarin biyu na iya kai mutum gaban alƙali, kuma duk suna iya lalata abin da ya sa bindigar ke da daraja.

Yadda bindiga ta shigo ƙasar Kabi

Ba da bindiga Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a farkon ƙarni na 16 ba. Doki da mashi da baka da ganuwar Surame su ne ƙarfin Kabawa. Haka abin yake a 1805 lokacin da rundunar Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, da kuma lokacin da Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi a Argungu a 1849.

Bindiga ta daɗe da shigowa yankin, amma 'yar kaɗan ce. Mai Idris Aloma na Borno ya yi amfani da masu bindiga tun ƙarni na 16. A Kano, Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ake cewa ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindigogi suka fara yawaita a hannun sarakunan wannan yanki.

Mafi yawansu bindigogin toka ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. Fatake ne suka riƙa kawo su daga bakin teku, wasu kuma ta hamada. Turawa suna kiran su da sunan mutanen Denmark, saboda 'yan kasuwar ƙasar na cikin waɗanda suka yi cinikinsu a gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya maƙeran gida suka koyi gyara su da ƙera irinsu.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels cewa za a taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mafi yawan Afirka, a bar wa mutane bindigar toka da albarushi. An ga tasirin wannan tazara a ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin da dawakin Sakkwato suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi ƙirar Maxim. Tun 1902 kuwa Turawa suka girke sojoji a Argungu.

A wancan zamani, idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin bayin sarki da ke gaban runduna, irin waɗanda har yau ke buga bindigar toka a hawan Sallah. Yau kalmar ta koma sunan masu kashe mutane a ƙauyuka. Wannan sauyin ma'ana kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa hukuma ba ta wasa da maganar bindiga, sabuwa ko tsohuwa.

Libarbar hafsoshin Turawa

Ƙaramar bindigar soja da ta fi shahara a zamanin mulkin mallaka ita ce libarba ƙirar Webley, wadda ake ƙerawa a birnin Birmingham na Ingila. Sojan Birtaniya ya fara amfani da ita a 1887. Tana ɗaukar harsashi shida, kuma karya ta ake yi daga sama idan za a ɗura. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda aka fito da shi a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1932 aka kawo wata ƙirar Enfield mai ƙaramin harsashi, wadda ta yi aiki a Yaƙin Duniya na Biyu.

Dubban 'yan Arewa sun je wancan yaƙi, musamman a Burma, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Amma makamin ƙaramin soja doguwar bindiga ce ƙirar Lee-Enfield. Libarba galibi ta hafsoshi ce, su kuwa a lokacin kusan duk Turawa ne. Kuma doka ce soja ya miƙa makaminsa kafin a sallame shi.

Saboda haka idan libarba ta ɓulla a akwatin wani mazan jiya, akwai labari a bayanta. Kyauta ce daga wani hafsa? Ganima ce? Ta zamanin En'e ce, ko ta yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970? Amsar wannan tambaya ita ce abin da masu tara kayan tarihi ke biyan kuɗi a kai.

Yadda ake yi a ƙasashen waje

A Turai da Amurka tara tsofaffin bindigogi sana'a ce mai kasuwa da gwanjo da ƙwararru. A watan Yulin 2024 an sayar da wasu ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a garin Fontainebleau na Faransa kan Yuro miliyan 1.69. Kafin gwanjon gwamnatin Faransa ta ayyana su a matsayin dukiyar ƙasa, ta hana a fitar da su waje. Abin da ya kai su wannan farashi shi ne an san hannun da ya riƙe su, an kuma san duk hannun da suka bi har suka iso ɗakin gwanjo.

Mai saye a can yakan duba abubuwa kaɗan kafin ya taya. Shin lambar da ke jikin gangar bindigar ta yi daidai da ta sauran sassanta? Tambarin kamfani da hatimin gwaji suna nan? Kayan gwamnatin Birtaniya, alal misali, suna ɗauke da wata alama mai kama da kan kibiya. Launin ƙarfen na asali ne ko an sake shi? Akwai takarda ko hoton da ke tabbatar da labarin?

Suna wannan bin diddigi ne saboda jabu ya yi yawa. A garin Darra Adam Khel na Pakistan maƙera sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila, har da Webley, su buga musu tambari irin na asali. Wanda bai sani ba sai ya sayi ƙirar jiya da sunan ta shekara ɗari.

Dokokinsu kuma sun ware wa tsofaffin makamai gurbi. A dokar tarayya ta Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce. A Birtaniya ana iya ajiye wasu tsofaffin bindigogi ba tare da lasisi ba, matuƙar don ado ne, kuma an daina yin harsashinsu.

Sai dai ko a can an ga illar wannan sassauci. A 2017 wata kotu a Birmingham ta yanke wa wani dillalin tsofaffin makamai, Paul Edmunds, ɗaurin shekara 30, bayan an same shi da laifin samar da tsofaffin bindigogi da harsasan da yake haɗa musu, waɗanda suka ƙare a hannun miyagu. A 2021 Birtaniya ta tsaurara dokar, ta ce bindigar da aka ƙera daga 1 ga Satumba, 1939 zuwa gaba ba ta cikin kayan tarihi.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Nan ne matashin da ya koyi sha'awar abin a intanet ke iya faɗawa rami. Dokar Makamai ta 1959 ba ta yi wa bindiga rangwame don ta tsufa ba. Ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka manyan bindigogin soja ne kawai a ciki. Amma jerin ya haɗa da libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu, har ya ambaci tsofaffin da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wato ƙaramar bindigar da ta shekara 150, ko da ta daina tashi, rukuninta ɗaya da makaman yaƙi. Dokar ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka kama da irin wannan ba tare da lasisi ba.

Kashi na biyu su ne bindigogin farauta na zamani, kamar mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a.

Kashi na uku su ne dogayen bindigogin toka na mafarauta, waɗanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da amincewar gwamna.

Maganar gyara ma doka ba ta bar ta sakaka ba. Ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko ta sojoji. Sufeto Janar na iya ba wa wani izinin gyaran bindigogin farauta ko na toka, amma wannan izini bai shafi libarba ba. Don haka wanda ya kai wa maƙeri libarbar kakansa ya jefa kansa cikin laifi, ya kuma jawo wa bawan Allah da ke neman abincinsa da ƙera garma da lauje.

Lasisi kuma ba a gadonsa kamar gona. Idan mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wa wanda kayan mamacin ke hannunsa kwana 14 kacal. Bayan haka wajibi ne bindigar ta koma hannun hukuma ko ta shiga ƙarƙashin sabon lasisi.

Akwai kuma doka ta biyu da ta shafi masu son saye da sayarwa. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sanya makaman gargajiya ƙirar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba a sayensu sai wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. Dillalin da ya zo ƙauye yana taya tsohuwar bindigar toka ko takobin gidan sarauta, a tambaye shi takardarsa.

Garin neman gira

Ko da a ce doka ta bari, abin da yawancinmu ke kira gyara shi ne abin da ƙwararru ke kira ɓarna. Mun saba idan ƙarfe ya yi tsatsa a goge shi da yashi ko samfefa har ya yi ƙyalli, a shafa fenti, a sake masa ƙota. Wannan ya dace da fartanya. A jikin tsohuwar bindiga kuwa, gugar rana ɗaya na iya share lamba da tambari da shekarar ƙira, wato duk shaidar da za ta faɗi daga ina ta fito. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

An ga haka a Amurka, inda aka shigar da Webley masu yawa bayan yaƙi aka yi musu kwaskwarima don su ɗauki harsashin da ake samu a can. Yau masu tarawa ba sa biyan waɗannan kuɗin da suke biyan wadda ba a taɓa ba, kuma ƙwararru na gargaɗin cewa harsashin ya fi ƙarfin da aka ƙera bindigar ta ɗauka.

Ma'aikatan gidajen tarihi ba su damu da makami ya sake tashi ba. Burinsu su tsayar da lalacewarsa a inda ta kai. Suna share ƙura da burushi mai laushi, su sa safar hannu saboda gishirin gumi na cin ƙarfe, su shafa siririn kakin da ke hana danshi shiga, su raba ƙarfe da kuben fata domin fata na riƙe laima. Duk abin da suka yi suna rubutawa, kuma suna guje wa aikin da ba za a iya warware shi ba.

Yanayin kwarin Rima kuwa ba ya tausaya wa irin waɗannan kaya. Da damina danshin fadama na sa ƙarfe tsatsa. Da hunturu iska ta busar da katako har ya tsage. Gara kuma na jiran gindin duk bindigar da aka jingina da bangon ƙasa. Tsumman da ake naɗe ta a ciki don adana ta, sau da yawa shi ke tara mata laima.

Tsohuwa ce, amma tana kisa

Kuskure mafi muni shi ne ɗaukar cewa tsohuwar bindiga fanko ce. Mafarauta da dogarai sukan ajiye bindigar toka a ɗure, kuma ba a gane haka da kallon ido. Albarushi idan bai jiƙe ba yana iya shekaru masu yawa bai mutu ba. Tartsatsi ɗaya a maƙera, ko zafin walda, ya isa ya tashe shi.

Ita ma libarba haka ne. Harsashi na iya maƙalewa a cikinta tsatsa ta rufe shi. Idan kuma aka ce a gwada ta, ƙarfen da tsatsa ta ci ta ciki na iya fashewa a hannun mai harbi.

Ga kuma halin da jihar ke ciki. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kai hari garin Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, a cikin masarautar Argungu, aka rasa rayuka. A irin wannan yanayi, jami'in da ya samu bindiga a mota a shingen bincike ba zai tsaya sauraron tarihin Burma ba. Kuma bindigar da aka gyara ta koma aiki, ɓarawo ɗaya ya isa ya mayar da ita makamin fashi.

Tun 2006 Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta taƙaita ƙananan makamai. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa mai kula da wannan aiki a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu kan dokar da ta ba ta gindin zama. Alƙiblar hukuma a bayyane take: rage bindigogin da ke hannun farar hula.

Me ya kamata magada su yi?

Na farko, a ɗauka a ɗure take. Kada a taɓa kunama, kada a nuna ta ga kowa ko da wasa, kada a kusanta ta da wuta, a kuma nisanta ta daga yara.

Na biyu, kada a saka ta a jaka a kama hanya, ko da niyyar kai wa hukuma ce. A bar ta inda take, a sanar da mai unguwa ko hakimi, a tuntuɓi lauya idan da hali, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda a rubuce domin su zo su ɗauka. A karɓi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da lambar bindigar, a adana ta.

Na uku, kada a tallata ta a Facebook ko WhatsApp. Hoton da mutum ya ɗora da hannunsa yana neman mai saye shi ne shaidar farko da za a gabatar a kansa.

Na huɗu, kafin ta bar gidan, a ɗauki hotunanta ta kowane gefe, musamman wuraren da ke da rubutu, don ajiyar iyali. A haɗa da takardar sallamar mamacin daga soja, lambobin yabonsa da hotunansa. A zaunar da tsofaffin gidan, musamman mata, waɗanda galibi su suka fi riƙe irin wannan labari, a naɗi muryarsu a waya: yaushe ya tafi, a wace bataliya, wa ya ba shi bindigar, me yakan ce idan ya tuna.

Na biyar, idan akwai alamar tana da muhimmanci ga tarihin gari, iyali na iya rubuta wa masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su nemi a duba yiwuwar ajiye ta a gidan tarihi maimakon a lalata ta tare da makaman da aka ƙwace. Najeriya na da gidan tarihin yaƙi a Umuahia, inda ake ajiye makaman yaƙin basasa. A Kebbi ma ga gidan Kanta.

Wanda kuma ke da sha'awar tara kayan sojan da, akwai abubuwan da ba za su kai shi caji ofis ba: lambobin yabo, maɓallan kaki, hular soja, tsofaffin hotuna, wasiƙun da sojoji suka aiko gida da ajami ko boko. Waɗannan su ne suka fi saurin ɓacewa, domin su ake fara zubarwa idan ana share ɗakin mamaci.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka yi masa bikin kamun kifi wanda ya ɗore har yau a Matan Fada. Makaman da aka yi waccan gaba da su, wasunsu na cikin waɗanda baƙi ke kallo a gidan Kanta. Wurin da ya dace da libarbar kaka ke nan: a bayan gilashi, da sunansa da shekarun aikinsa a rubuce a ƙarƙashinta, inda jikokinsa za su iya zuwa su nuna wa 'ya'yansu da rana tsaka.